Kowane Gida A Goronyo Ya Shuka Kankana Rami Shida

Jama'a, manoma da 'yan kasuwa da malaman ofis, maganarmu ta wannan mako a kan kankana ce. Ba mu nufin ta manyan lambunan fadama, wadda a ke ba ruwa da inji, a loda ta a mota a kai Sakkwato ko a wuce da ita Kudu. Wannan tana da masu ita, sun kuwa san aikinsu. Muna nufin ta bayan gida, ta 'yar garka, wadda maigida zai leƙa da safe kafin ya fita, iyali su kula da ita da yamma.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, duk magidancin da ke ƙasar Goronyo da Wurno da Rabah, in dai yana da ɗan fili da rijiya ko famfo kusa, ya kamata ya tona rami shida ya shuka kankana. Shida mu ka ce, kada a zarce. Ga dalilanmu, ga kuma yadda a ke yi, sa'an nan kowa ya auna da hankalinsa.

DON ME BAYAN GIDA, GA FADAMA?

Wani zai ce, "Haba Malam, mu da ke bakin Gulbin Rima, ga dam a ƙofar gida, me ya kai mu wahalar guga?" To, mu duba. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, aka buɗe ta a 1992, an kuwa yi ta ne don ta riƙe ruwa wajen mita miliyan 942 na awon cika. Albarkarta ba ta ɓoyuwa. Shinkafa da albasa da tafarnuwa da a ke nomawa a wajen Takakume da Falaliya har zuwa Wurno sun isa shaida.

Amma fa ruwan gulbi ba a hannun manomi ya ke ba. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ambaliya, ƙauyuka da gonaki masu yawa na kwarin Rima suka nutse. A farkon 2018 kuma sai ga akasin haka, hukumar da ke kula da madatsar ta bayyana cewa ruwan da ya saura bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Yau ya yi yawa, gobe ya yi kaɗan. Wanda duk abin marmarin gidansa ya rataya ga gulbi, ran da gulbi ya juya masa baya sai ya zauna hannu rabbana.

Dalili na biyu ya fi wannan ɗaci, amma tilas a faɗe shi. Gabashin Sakkwato ya sha wahalar 'yan bindiga. Ba wanda ya manta da watan Oktoba 2021, sa'ad da suka afka wa kasuwar Goronyo suka hallaka mutum fiye da 40. Allah ya jiƙansu. Tun da wannan fitina ta kunno, mutane da yawa sun ga ranar da zuwa gona mai nisa ya zama abin shawara. Kankana kuwa ba ta son a yi mata fashi. In ta kwana uku cikin bazara ba ruwa, an yi hasarar wahalar wata biyu. Wadda ke cikin darni a bayan ɗaki, ko tsoho, ko yaro, ko matar da ke cikin gida, kowa yana iya kai mata ruwa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Dalili na uku, bayan gida makaranta ce mai arha. Samari da yawa su kan ji labarin wane ya sami kuɗi a kankana, sai su ci bashi su shuka eka guda, ba su taɓa ganin yadda furenta ya ke ba. In ƙwaro ya faɗa mata, ga bashi ga kunya. Da sun fara da rami shida, da sun koyi halinta a kan kuɗin ƙullin iri ɗaya.

'YAR GIDA CE, BA BAƘUWA BA

Waɗansu suna tsammani kankana shukar Turawa ce, saboda sunayen da ke jikin gwangwanin iri. Ba haka ba ne. Asalinta Afirka. An tono 'ya'yan danginta a hamadar Libiya waɗanda suka kai shekara wajen 6,000, an kuma ga zanenta a kaburburan mutanen Masar na dā. A 2021 masana suka bayyana cewa 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wata ta daji mai farin ciki da ke fitowa a Kurdufan, cikin ƙasar Sudan. Guna da agushi da mu ka sani duk danginta ne. Yau ƙasar Sin ita kaɗai tana noma fiye da rabin kankanar duniya, amma zafi da yashi irin namu su ne gidan ubanta. Ba banza a ke mata kirari uwar ruwa ba, gama kashi 92 cikin 100 na jikinta ruwa ne.

LISSAFIN RUWA TUKUNA

Kafin ka ɗauki fartanya, ɗauki alƙalami. Masana noman rani sun auna cewa kankana tana shan ruwa mai zurfin milimita 400 zuwa 600 daga shuka zuwa girbi. Mu kama tsakiya, mu ce 500. In ka ba kowane rami fili mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, to rami ɗaya zai sha wajen lita 1,000. Raba wannan ga kwana 80, ka ga lita 12 da 'yan kai kullum, watau rabin jarka babba. Rami shida ke nan jarka uku a yini. Tana ƙarama ba ta shan haka, tana ɗauke da 'ya'ya cikin zafin Afrilu kuwa ta fi haka.

Ka ga dalilin da ya sa mu ka ce shida. Jarka uku gida yana iyawa. Jarka talatin sai an ɗauki ɗan ga-ruwa, riba ta tafi. Wanda rijiyarsa ke ja baya da bazara ya tsaya a uku. Rami uku da aka ƙosar sun fi goma da aka bari da ƙishi.

Akwai dabarun rage wannan nauyi. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin hatsi duk suna da amfani, a tara a bokiti maimakon a watsar a tsakar gida. Ruwan sabulu da na omo kam a nisanta shi. A shimfiɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a gindin shukar, don rana kada ta shanye laima. Wanda ke da tsohon tulu na ƙasa ya binne shi har wuya kusa da ramin, ya cika shi, ya rufe bakinsa. Ruwa zai riƙa tsattsafowa a hankali zuwa saiwa, ba ya zuba a banza.

YAUSHE A KE SHUKA?

Lokacin da ya fi sauƙi ga mai bayan gida shi ne ƙarshen damina, wajen ƙarshen Agusta. Ruwan sama zai yi maka renon farko kyauta, sa'an nan 'ya'ya su nuna cikin kaka, lokacin da sama ta ɗauke. Wadda aka shuka da farkon damina ta kan yi yaɗo mai kyau, amma yawan laima yana jawo cutar ganye da ruɓa, zaƙinta kuma ya kan yi rauni. Lokaci na biyu shi ne bayan sanyi ya karye, cikin Fabrairu. Wannan ita ce mai zaƙi ƙwarai, ita ce kuma mai shan ruwa.

Ga wata magana da ya kamata kowa ya lura da ita, musamman 'yan kasuwa. Kowa ya san ba lokacin da a ke neman kankana kamar watan azumi. Azumi kuwa yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara. A 2022 an kama shi a farkon Afrilu, a 2025 a farkon Maris, haka kuma zai yi ta tafiya cikin Fabrairu da Janairu da Disamba. Ma'ana, mai son kankana a faifan buɗa baki zai riƙa renonta cikin hunturu. Kankana ba ta son sanyi. Iri ya kan yi nauyin tsira, yaɗo ya yi ta jan ƙafa. Saboda haka ka ƙirga kwana 90 baya daga ranar da ka ke tsammanin ganin wata, ka ƙara kwana goma na sanyi. Ka jiƙa irin ya kwana cikin ruwa mai ɗumi-ɗumi kafin ka shuka, ka kuma kafa zana ta wajen gabas da arewa don tare iska. Wanda ya bi lissafin bara ba gyara, kankanarsa sai bayan salla.

Kada ka shuka ramukan duka rana ɗaya. Uku yau, uku bayan kwana 15. Ta haka ba za su nuna maka gaba ɗaya har ka rasa yadda za ka yi da su ba.

IRI DA RAMI

Iri uku sun fi yawa a kasuwanninmu. Akwai Sugar Baby, mai baƙin kore, kewayayya, ƙarama, tana nuna cikin kwana 75 zuwa 80. Ita ta fi dacewa da ɗan fili. Akwai Kaolack, wadda ta ci sunan wani gari a ƙasar Sanigal, tana da jure tafiyar mota, shi ya sa dillalai ke sonta. Akwai kuma Crimson Sweet mai zane-zane, wadda aka fitar a jihar Kansas ta Amurka a 1963, ta fi girma, ta kuma fi daɗewa kaɗan. Waɗannan uku kana iya ajiye irinsu ka sake shukawa. Amma in ka ga an rubuta F1 a jikin takarda, wannan irin aure ne, shuka ɗaya a ke yi da shi. 'Ya'yansa ba su gadon kyaunsa.

Nemi wurin da rana ke duka tun safe har la'asar. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ba wurinta ba ne. Tana son ƙasa mai yashi-yashi wadda ruwa ba ya kwanciya. In bayan gidanka laka ce, tara ƙasa ka yi tudu ka gauraya da yashi. Tona rami zurfin kamu ɗaya, faɗin kamu ɗaya. Zuba ruɓaɓɓen takin tumaki ko na shanu daro guda, da toka danƙi ɗaya, ka cakuɗa da ƙasar sama ka mayar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a bar shi ya ruɓe tukuna. Sa ƙwaya uku, zurfin gaɓar yatsa biyu. In da ɗumi, kafin mako su fito. Sa'ad da suka yi ganye huɗu, bar mafi ƙarfi ka tsinke sauran. Mun san da wuya mutum ya tsinke abin da ya shuka, amma uku a rami ɗaya faɗa za su yi, ba mai ƙiba a cikinsu.

Darni kuwa tun kafin iri ya shiga ƙasa. Akuya ɗaya da kaji biyar sun isa su share aikin wata guda kafin a sauko daga masallaci.

SIRRIN FURE

Nan ne mafi yawan masu farawa ke faɗuwa. Su ga yaɗo kore shar, fure ko'ina, amma ba ɗa ko ɗaya, sai su ce irin banza aka sayar musu. Sau da yawa ba laifin iri ba ne. Kankana fure biyu gare ta, namiji da mace. Namiji shi ke fara fitowa, ya bushe ya faɗi, haka Allah ya yi shi. Mace kuwa za ka ga ɗan ƙwallo kamar magarya a ƙarƙashinta. Safiya ɗaya tak ta ke buɗewa. In ƙudan zuma bai kawo mata garin namiji a wannan safiya ba, kuma sau da yawa, ɗan ƙwallon ya yi rawaya ya faɗi, ko ya girma a karkace.

A cikin gari zuma ba ta da yawa, saboda haka kai ne za ka zama zumar. Da hantsi bai yi ba, tsinko fure namiji wanda ya buɗe yau, cire ganyayensa masu rawaya, ka goga tsakiyarsa a hankali a tsakiyar macen. Shi ke nan. Malam akawu, ga inda alƙalaminka zai yi rana: ɗaura ɗan zare a wurin, ka rubuta kwanan wata. Daga wannan rana zuwa nuna kwana 30 ne zuwa 40. Kowane gindi a bar masa 'ya'ya biyu ko uku. Watau rami shida za su ba ka 12 zuwa 18, in kuwa ka yi sau biyu a shekara ka ninka.

ABOKAN GABA

Babban maƙiyi shi ne wani ɗan ƙuda da ke huda ɗanyen ɗa ya sa ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki. Mai eka ba shi da dabara sai feshi. Mai rami shida kuwa yana iya naɗe kowane ɗa da takarda ko tsohon ƙyalle da zarar ya kama. Wanda aka riga aka huda a cire shi a binne da zurfi, kada a yar a gefe, gama daga nan sabon ƙuda zai tashi.

Ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye har ya nannaɗe, maganinsu yana bakin ƙofa. Daka 'ya'yan darbejiya, wajen giram 50 ga lita ɗaya ta ruwa, ya kwana, ka tace, ka yayyafa da yamma. Kowane irin magani ne, kada a fesa da safe lokacin da zuma ke aiki. In tilas ta sa ka sayi na kwalba, karanta kwanakin da aka ce a jira kafin a ci, ka cika su. Wannan ma wata riba ce ta bayan gida: ka san abin da aka zuba wa abin da 'ya'yanka za su sha.

Ruwa a gindi a ke zuba shi, ba a bisa ganye ba. A kuma riƙe shi daidai. Yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa kankana ta tsage, ko gindinta ya yi baƙi. Saura mako guda a yanke, a rage ruwa don zaƙi ya taru. Bayan girbi kada ka maimaita ramukan nan da kankana, domin cutar da ke sa yaɗo ya yanƙwane tana zama cikin ƙasa shekaru. Sa albasa ko wake ko masara a wurin, ka matsa gaba.

Alamar nuna uku ce. Ɗan zaren da ke murɗe kusa da hannun ɗan ya bushe. Gefen da ke kwance a ƙasa ya tashi daga fari ya koma ruwan ɗorawa. In ka ƙwanƙwasa ka ji amo mai nauyi. Riƙe wannan da kyau: kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an yanke ta. Shammam, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira malo, shi ƙamshi ke tona shi, renonsa kuwa kusan ɗaya ne da na kankana.

Mai son ajiye iri ya lura da maƙwabta. In akwai guna ko agushi kusa, zuma tana haɗa su aure da kankana. Ta bana ba za ta canja ba, amma irin da ka ajiye zai iya ba ka mai farin ciki ko mai ɗaci baɗi. Kabewa da duma ba su haɗuwa da ita, kada ka damu da su.

GA 'YAN KASUWA DA HUKUMA

Mun san wani mai tebur zai ce muna so mu kashe masa ciniki. Ko kaɗan. Gidan da ya sami kankana 15 bai daina saye ba, sai ma yara su saba, ran da ta gida ta ƙare su matsa wa uba ya biya ta kasuwa. Abin da zai canja shi ne, mai saye zai san nunanna. Wannan kuwa alheri ne ga ɗan kasuwa na kirki. Abin da ke ɓata sunan kankana shi ne yanke ta ɗanya don a riga wani cika mota, da kuma yanka ta a baje a rana ƙuda na bi. Wadda ba a fasa ba tana yin mako biyu a inuwa lafiya lau. Wadda aka fasa kuwa ta yini ɗaya ce, a rufe ta, a wanke wuƙa da ruwa mai tsabta.

Ga hukuma kuma muna da roƙo biyu, ba masu tsada ba. Na ɗaya, malaman gona na jiha da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su taimaka a sami iri mai kyau a ƙananan ƙulli, na ƙwaya ashirin ko talatin. Gwangwani guda ya fi ƙarfin mai rami shida, shi ya sa ya kan sayi na awo wanda ba a san asalinsa ba. Kafin a yi haka, gida biyar su haɗa kuɗi su sayi gwangwani ɗaya su raba. Na biyu, kowace makarantar firamare mai rijiya ta ware ɗan gefe. Yaron da ya haɗa fure da hannunsa ya ga ɗa ya kama, ba zai ƙara ce wa noma aikin wanda ya rasa abin yi ba.

To jama'a, ba mu ce rami shida za su sa kowa ya sayi babur ba. Abin da mu ka ce shi ne za su sanyaya maƙogwaron iyali cikin zafi, su rage kuɗin cefane, su koya wa matashi sana'a kafin ya ci bashi a kanta, kuma ba ruwansu da cikar gulbi ko ƙafewarsa. Yau ka auna filin da taku, gobe ka tara taki, jibi ka kafa darni. Wanda ya gwada ya rubuto mana yadda ta kasance, ko daɗi ko akasi, don sauran masu karatu su ƙaru.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a abin da mu ka shuka, amin.